Takardar Shaidar Sana'a da Ƙofar Jami'a: Tarihin Wata Gardama a Ƙasar Amurka

A ranar 23 ga watan Fabrairu na shekarar 1917, Shugaban Amurka Woodrow Wilson ya sa hannu a kan wata doka wadda ta ba Gwamnatin Tarayya iznin kashe kuɗi wajen koyar da sana'a a makarantun sakandare na ƙasar. Ana kiranta Dokar Smith-Hughes, bisa sunayen 'yan majalisa biyu da suka gabatar da ita, watau Hoke Smith da Dudley Hughes, dukansu daga jihar Jojiya. Dokar ta ambaci fannoni uku: noma, da sana'o'in masana'antu, da kula da gida. Amma abin da ya fi nauyi a cikinta wani ɗan sharaɗi ne wanda mai karatu cikin hanzari zai iya tsallakewa bai lura ba. Sharaɗin ya ce lalle ne ilmin da za a biya da wannan kuɗi ya kasance bai kai matakin kwaleji ba, kuma manufarsa ita ce a shirya yaron da ya wuce shekara 14 ya kama aiki. Kwaleji kuwa a bakin Amurkawa ita ce inda ake neman digirin farko, watau jami'a ke nan. Daga wannan sharaɗi gardamar da aka shekara ɗari ana yi ta sami gindin zama: shin yaron da ya fita sakandare da takardar shaidar sana'a a hannunsa, ƙofa aka buɗe masa, ko kuwa wata aka rufe masa?

Waɗanda suka fara shigar da guduma da zarto cikin makaranta a Amurka ba da niyyar rufe wa kowa hanya suka yi ba. A babban bajekolin da aka yi a Philadelphia cikin 1876, John Runkle, shugaban kwalejin fasaha ta Massachusetts, ya ga yadda wata makarantar Rasha take koyar da aikin katako da na ƙarfe daki-daki kamar yadda ake koyar da lissafi, abin ya ba shi sha'awa ƙwarai. Bayan 'yan shekaru, cikin 1880, Calvin Woodward ya buɗe makarantar horon hannu a birnin St. Louis, a ƙarƙashin Jami'ar Washington. A can yaro yakan yi lissafi da kimiyya da harshe, sa'an nan ya shiga ɗakin aiki ya riƙe kayan sassaƙa. Ra'ayin Woodward shi ne hannu da ƙwaƙwalwa tare ake renonsu, kuma wanda ya gama makarantarsa hanyar karatun injiniya a buɗe take gare shi.

A Kudancin ƙasar kuwa al'amarin ya ɗauki wata kama dabam, gama can ya cuɗanya da batun launin fata. Bayan Yaƙin Basasa da 'yanta bayi, wani tsohon hafsan soja, Samuel Armstrong, ya kafa makarantar Hampton a jihar Virginia cikin 1868 domin 'ya'yan Baƙar Fata. Ɗalibinsa Booker T. Washington, wanda shi kansa cikin bauta aka haife shi, ya buɗe makarantar Tuskegee a jihar Alabama cikin 1881. A Tuskegee ɗalibai da kansu suka buga tubali, suka gasa, suka gina azuzuwan da za su zauna ciki. Suka koyi noma da ƙira da ɗinki da kafinta. Washington ya yi imani da cewa mutumin da aka raina ba abin da zai ɗaga shi kamar ya iya abin da maƙwabcinsa ke bukata, ya mallaki gona, ya tara abin kansa. A jawabin da ya yi a birnin Atlanta cikin 1895 ya shawarci mutanensa da su jingine neman daidaito a zamantakewa tukuna, su duƙufa ga aikin hannu. Attajiran Arewa suka ji daɗin wannan magana, suka buɗe bakin aljihu. Andrew Carnegie shi kaɗai ya ba Tuskegee dala 600,000 cikin 1903.

A cikin wannan shekara ta 1903 ne W.E.B. Du Bois, Baƙar Fata na farko da ya sami digirin dakta daga Jami'ar Harvard, ya fito fili ya ƙalubalanci Washington. Du Bois bai ce sana'a abin kunya ba ce. Abin da ya ce shi ne al'ummar da ba ta da nata likitoci da lauyoyi da malamai masu zurfin ilmi, kullum wani ne zai riƙa yi mata tunani. Ya kuma jawo hankali ga wani abu da ba shi da amsa: malaman da ke koyarwa a Tuskegee, da yawansu daga kwalejojin da ake kushewa ɗin suka fito. Idan aka rufe waɗannan kwalejoji, wa zai koyar a makarantar sana'ar? An saba a nuna mutanen nan biyu kamar ɗaya yana son fartanya ɗaya yana son littafi, amma wannan rage wa zancen daraja ne. Washington ya san irin ƙasar da yake ciki, inda Baƙar Fata mai ɗaga kai yana iya rasa ransa, kuma daga baya an gano cewa yakan biya kuɗin shari'o'in yaƙi da wariya a ɓoye. Inda suka rabu shi ne wurin tambayar wa ke zaɓa wa yaro hanyarsa. Masu ba da kuɗi sun riga sun yanke cewa ilmin hannu shi ya dace da jinsi guda ɗungum, ba tare da an dubi basirar kowane yaro ba. Sai a shekarun 1920 ne Hampton da Tuskegee suka fara karatun digiri.

A Arewacin Amurka ba 'ya'yan bayi ake magana a kansu ba, 'ya'yan leburori ne da na baƙin da ke kwararowa daga Turai. A cikin 1893 wani kwamiti na mutum goma, ƙarƙashin shugabancin Charles Eliot na Harvard, ya ba da shawara cewa duk darasin da za a koyar a sakandare a koyar da shi iri ɗaya ga kowane yaro, ko jami'a za shi ko kasuwa. Shawarar ba ta daɗe ba iska ta juya. Cikin 1906 wata hukumar bincike da Gwamna Douglas na jihar Massachusetts ya naɗa ta ba da rahoto cewa akwai yara wajen 25,000 masu shekara 14 zuwa 16 a jihar waɗanda suka bar makaranta, mafi yawansu suna 'yan ayyukan da ba sa kai mutum ko'ina. Ƙungiyar masu masana'antu ta ƙasa ta riƙa nuni da Jamus, inda ake horar da matasa a makarantun sana'a na musamman, tana cewa da haka Jamusawa za su ƙwace kasuwar duniya. Har shi Eliot ɗin, cikin 1908, ya koma yana cewa ya kamata malaman firamare su rarraba yara gwargwadon makomar da ake hasashe za su yi. Ƙungiyoyin ƙwadago da fari sun ɗari-ɗari, don suna tsoron a mai da makaranta wurin ƙyanƙyashe ma'aikata masu araha, amma cikin 1910 babbar ƙungiyarsu ta goyi baya, bisa sharaɗin abin ya zauna a hannun hukuma.

Sauran abin da ya rage shi ne tsari. David Snedden, kwamishinan ilmi na Massachusetts, da almajirinsa Charles Prosser, suna son makarantun sana'a masu zaman kansu, da hukumarsu dabam, irin na Jamus. Masanin falsafa John Dewey ya ƙi. Ya yaƙi wani ƙudurin doka irin wannan a jihar Illinois cikin 1913, sa'an nan cikin 1915 suka yi musayar rubutu da Snedden a wata mujalla. Dewey mutum ne mai son a koya wa kowane yaro aiki da hannu, har da ɗan attajiri. Abin da ya tsana shi ne a kafa makarantu iri biyu da kuɗin jama'a, ɗaya ta masu ba da umurni, ɗaya ta masu karɓa. A ganinsa wannan gādon ajin iyaye ne za a rubuta wa yara da hatimin gwamnati.

Dokar 1917 ta raba gardama ta yadda kowa zai ce ya ci. A mafi yawan wurare yara suka zauna ƙarƙashin rufi ɗaya, kamar yadda Dewey ya so. Amma kuɗin sana'a dabam, hukumar da ke lura da shi dabam, malamansa dabam, kuma Prosser ne aka naɗa darektan farko na hukumar tarayya. Daɗin daɗawa dokar ta wajabta cewa ɗalibin sana'ar masana'antu ya yi aƙalla rabin lokacinsa a ɗakin aiki. Nan gizo ke saƙar. Jami'o'i a lokacin sun riga sun daidaita a kan cewa mai neman shiga sai ya kawo wani adadi na darussa, kowane darasi na awa 120 a shekara, cikinsu har da aljabara da harshen waje da kimiyya. Yaron da ya ba da rabin yininsa ga injin yankan ƙarfe ba shi da sauran sa'o'in da zai cika wannan adadi, kome kaifin basirarsa. Ba wanda ya rubuta cewa an hana shi shiga jami'a. Jadawalin darussa ne ya hana shi, tun yana ɗan shekara 14, galibi kuma bisa shawarar wani jami'in makaranta da ya dubi sakamakon gwajin basira da sana'ar ubansa.

Wannan tunani bai tsaya a Amurka ba. Thomas Jesse Jones, wanda ya taɓa koyarwa a Hampton, ya jagoranci tawagar Asusun Phelps-Stokes da ta zaga Afirka a 1920 da 1921, har da Nijeriya, tare da James Aggrey mutumin ƙasar da a yau ake kira Ghana. Rahotonsu na 1922 ya yaba tsarin Hampton da Tuskegee a matsayin abin da ya dace da 'yan Afirka, kuma ya yi tasiri a kan takardar manufar ilmi da Ofishin Mulkin Mallaka na Ingila ya fitar cikin 1925. Ba abin mamaki ba ne da 'yan boko na Ikko suka ta da jijiyar wuya sa'ad da aka buɗe Babbar Kwalejin Yaba cikin 1934, tun da yake takardar da za ta bayar ba ta kai digiri ba, kuma mai ita mataimaki kawai zai zama a ƙarƙashin Bature. Ma'aikacin gwamnatin da ya san tsohuwar takaddamar da ke tsakanin mai babbar difloma da mai digiri wajen ƙarin girma ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a kan abin da ya ɓata musu rai.

A can Amurka, a farkon al'amari sharaɗin 1917 bai zama wani babban rashi ba, domin jami'a ba ta kowa ba ce. A 1910 wajen kashi 9 cikin ɗari ne na matasa ke gama sakandare ma. Amma kafin 1940 adadin ya kai kimanin rabi, bayan Yaƙin Duniya na Biyu kuma dokar tallafa wa tsofaffin sojoji ta 1944 ta kai mutum sama da miliyan 2 kwalejoji da jami'o'i. Ƙofar da a da ba a damu da ita ba ta zama babbar ƙofar gari. Duk da haka, cikin 1945 Prosser yana nan a kan bakansa: ya ƙiyasta cewa kashi 20 cikin ɗari na yara ne suka dace da jami'a, kashi 20 da sana'a, sauran 60 kuwa a koya musu zaman duniya kawai.

Su wa ake turawa ɗakin aiki? Cikin 1967 alƙali Skelly Wright ya soke tsarin rarraba ɗalibai rukuni-rukuni a makarantun birnin Washington, bayan ya tabbatar cewa 'ya'yan talakawa da na Baƙar Fata su ke cika rukunan ƙasa, kuma wanda ya shiga da wuya ya fita. Littafin da Jeannie Oakes ta wallafa cikin 1985 ya nuna irin wannan a makarantu da dama, har a cikin darussan sana'ar kansu: yaran Turawa sun fi samun darussan harkar ofis da kasuwanci, sauran kuwa a ba su na ƙananan ayyuka. A daidai wannan lokaci masana'antun da ake horar da yaran dominsu suka fara ja da baya. Ma'aikatan masana'antu sun kai wajen miliyan 19 da rabi a 1979, kafin 2010 sun sauko zuwa kimanin miliyan 11 da rabi, albashin mai digiri kuma ya yi ta tsere wa na wanda ya tsaya a sakandare. Rahoton gwamnati na 1983 mai cewa ƙasa tana cikin haɗari ya nemi kowane ɗalibi ya yi shekara 4 na Turanci, da 3 na lissafi, da 3 na kimiyya, da 3 na ilmin zamantakewa. Jihohi suka bi, sa'o'in ɗakin aiki suka ragu, iyaye da malamai suka koma cewa kowa jami'a za shi.

Sai dai an gudu daga gara an faɗa gidan zago. Matasa da yawa suka shiga kwaleji ba shiri, suka fita ba digiri, ba sana'a, ga bashin kuɗin makaranta a wuya. Saboda haka majalisa ta shiga gyaran tsohuwar doka kaɗan-kaɗan. Dokar Perkins ta 1984, mai sunan wani ɗan majalisa daga jihar Kentucky, an sabunta ta cikin 1990 aka sa sharaɗin haɗa darussan sana'a da na littafi, aka kuma ƙirƙiro shirin da ke ɗinke shekara biyun ƙarshe na sakandare da shekara biyu na kwalejin unguwa. Cikin 2006 aka sauya sunan fannin baki ɗaya, aka bar tsohuwar kalmar da ta yi ƙaurin suna, aka koma kiransa ilmin aiki da fasaha. Gyaran 2018 kuwa ya ba jihohi zaɓi su auna nasarar shirinsu da yawan ɗaliban da suka fita da takardar shaida wadda ake amincewa da ita bayan sakandare, ko da makin kwaleji da suka tara tun suna sakandare, ko da horon da suka yi a wurin aiki. Watau dokar da aka kafa a kan cewa kada ilmin ya kai matakin kwaleji, ta wayi gari tana auna kanta da makin kwaleji.

To, me binciken zamani ya nuna? Wahalar amsa wannan tambaya ita ce yaran da ke zaɓen sana'a tun asali ba iri ɗaya ba ne da waɗanda ba sa zaɓa, don haka kwatanta su kai tsaye ruɗi ne. Bincike biyu sun kauce wa wannan tarko, kuma abin sha'awa amsoshinsu ba ɗaya ba ne.

Na farko ya shafi wani tsari da aka fara a Philadelphia cikin 1969, inda ake ware rukunin ɗalibai a cikin sakandare ta kowa da kowa, su yi dukan darussan littafi tare da wani fannin aiki, su kuma riƙa zuwa horo a kamfanoni. Tun daga 1993 wata cibiyar bincike mai suna MDRC ta bi sawun matasa wajen 1,400 a makarantu 9, waɗanda ƙuri'a ce ta raba wanda ya sami shiga da wanda bai samu ba. Rahotonta na 2008 ya nuna cewa cikin shekara 8 bayan sakandare, samarin da suka shiga sun fi takwarorinsu samun kuɗi da kashi 17 cikin ɗari, watau kimanin dala 3,700 a shekara. Wajen karatun gaba kuwa ba bambanci: kimanin rabin kowane ɓangare sun sami wata takardar shaida bayan sakandare. Sana'ar ta ƙara musu, ba ta kuma rage musu kome ba. Da Dewey yana da rai da ya ce ai ya faɗa.

Na biyu ya dubi jihar Connecticut, wadda a lokacin binciken take da makarantun fasaha 16 masu zaman kansu, kusan irin waɗanda Snedden ya yi mafarki. Eric Brunner da Shaun Dougherty da Stephen Ross suka kwatanta yaran da makinsu ya haye layin ɗauka da ƙyar da waɗanda suka gaza da ƙyar, tun da yake waɗannan kusan duk ɗaya ne. Suka tarar cewa a cikin kowane samari 100 da suka shiga, an sami ƙarin wajen 10 da suka gama sakandare, amma an sami ragin wajen 8 da suka tafi kwaleji, abin da suke samu kuma a farkon shekarunsu na aiki ya fi na takwarorinsu da kusan kashi ɗaya cikin uku. Mai son kushe sana'a zai kama 8 ɗin nan ya ce ga shi, an rufe ƙofa. Amma sai a yi hattara. Saurayin da ya iya haɗa wutar lantarki, aka yi masa tayin albashi mai kyau yana ɗan shekara 18, ya ga ya fi masa ya karɓa, ba daidai yake da yaron 1920 wanda jadawali ya yanke wa hukunci bai sani ba. Abin da alƙaluman ba su iya faɗa ba tukuna shi ne yadda lissafin zai kasance idan samarin nan sun kai shekara 50. Eric Hanushek da abokan aikinsa, a wani nazari na ƙasashe da dama da suka wallafa cikin 2017, sun nuna cewa rinjayen da mai ilmin sana'a ke da shi wajen samun aiki a ƙuruciya yakan ragu da shekaru, musamman a ƙasashe irin su Jamus, gama injuna suna sauyawa, mai faffaɗan ilmi kuma ya fi saurin koyon sabo.

Ita kanta takardar shaidar ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Akwai wadda hukumar jiha ke bayarwa wadda sai da ita mutum zai yi aikin, kamar ta mataimakiyar ma'aikaciyar jinya. Akwai wadda kwaleji ke karɓa ta lissafa ta cikin makin digiri, ta rage wa ɗalibi watanni da kuɗi. Akwai kuma wadda ake ci da jarrabawar 'yan sa'o'i a kan kwamfuta, makaranta ta lissafa ta cikin rahoton da take aika wa jiha, amma mai ɗaukar aiki bai taɓa tambayarta ba. Wani nazari da Matt Giani ya yi a kan jihar Texas cikin 2022 ya gano cewa mafi yawan ɗaliban da suka sami irin waɗannan takardu, ba a fannin takardar tasu suka kama aiki ba.

Akwai kuma abin da binciken nan biyu suka haɗu a kansa, wanda ba a cika ɗaga murya a kai ba: ribar ta samari ce. A binciken MDRC ba a ga wani ƙarin kuɗi na a-zo-a-gani ga 'yan mata ba, a Connecticut kuwa ba a ga bambanci ba sam, ko wajen gama makaranta, ko shiga kwaleji, ko albashi. Tun 1972 doka ta haramta wariyar jinsi a makarantun da ke cin kuɗin tarayya, gyaran 1976 kuma ya umurci jihohi su kawar da ita daga darussan sana'a musamman. Duk da haka, a makarantun Connecticut da aka yi binciken a kansu, samari ne suka cika ɗakunan lantarki da kanikanci da aikin famfo, inda albashi yake, 'yan mata kuwa sun fi yawa a gyaran gashi da girke-girke. Fannin kula da gida da dokar 1917 ta keɓe wa mata an daɗe da sauya masa suna, amma har lokacin da aka yi waɗannan bincike rabon ɗakunan bai yi nisa da na zamanin Prosser ba.